Ƙarƙashin Kwandon Nana

Shekara ashirin da shida ina ɗaukar sarakunan garinmu a ka. Sunana Antwi, ni ne na gaba ta hannun dama cikin mutum huɗun da ke ɗaukar apakan, dogon kwandon da sarki ke zama a ciki ranar bikin sabuwar doya. Wurin na kawuna ne, shi ma wajen kawunsa ya gada. Gidanmu ba mu da gonar kirki, ba mu da mai babban ilimi ko ɗaya. Abin da ake nuna mu da shi a gari ɗaya ne, wato ba mu taɓa yar da sarki ba.

Bara saura ƙiris in yar da shi.

Muna gangarowa ta gaban coci, ganguna na tashi, sai sarkinmu Nana Dankwa ya juya a sama don ya gaida matan kasuwa, nauyinsa kaf ya dawo kaina. Gwiwata ta lanƙwashe. Kwandon ya karkata har na ji mata sun ja numfashi, Allah ya sa Boakye, na gaba ta hagu, ya kai kafaɗa ya tare. Ba wanda ya ce mini uffan, amma kowa ya gani. Sarkin da ya faɗo a gaban jama'a dattawa na iya tuɓe shi, wanda ya yar da shi kuwa gidansu ya rabu da gammon sarauta ke nan har abada. Tun ranar ban ƙara cin abinci da daɗi ba, kullum tunanina bikin bana.

Kada wani ya ce mini tsufa ne. Tsufan akwai, ban musa ba, hamsin da uku nake. Amma mutumin da aka naɗa shekara takwas da suka wuce ba shi ne wannan ba. Tare muka tashi da shi, tare muka yi dakon buhunan koko, lokacin sunansa Fosu, sunan da yanzu ba mai ikon kira. Siriri ne ƙwarai a lokacin. Ranar da aka fara ɗora mana shi har Boakye ya tambaye ni a hankali, wai ya shiga kuwa? Daga nan sarauta ta zauna masa a jiki. Sarki ba ya sauri, ba ya ɗaukar ko kofin ruwansa, ba ya gumi a gaban mutane. Duk matar da ta daka fufu ya yi mata kyau sai ta aiko fada, ga miyar ƙwaƙwa manja na iyo a kai, kuma a ƙi taɓa kwanon mutum cin mutunci ne. Kowace Asabar akwai jana'iza, kowace jana'iza akwai shinkafa da soyayyen nama da lemon kwalba, kuma shi za a fara zuba wa. Duk abin da ya ci, wuyana ne ke ba da labari.

Wata rana ana shari'ar iyakar gona sai Nana ya yi barci a kujera, har da minshari. Dama ya jima yana kukan ciwon kai. Aka aika ƙaramin asibitin gari aka kira nas Oforiwaa. Matar nan ba ta san tauna magana ba, ko limamin coci ta kama da laifi sai ta gaya masa. Ta zo da jakarta, ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta soki yatsarsa, ta ajiye sikeli ya hau da takalmansa. Muna tsaitsaye muna kallo.

A fada ba a yi wa Nana magana kai tsaye. Sai ka gaya wa kakakinsa, Opanin Sarpong, dattijo mai sandar zinariya, shi ya wanke maganar ya miƙa. Oforiwaa ta rusuna ta ce, "Opanin, a isar wa Nana. Jininsa ya hau sosai, suga ma ya soma. Kilo ɗari da ashirin da takwas ne, ƙibar ta yi masa yawa. In bai rage ci ba, kuma bai riƙa tafiya da ƙafarsa rabin awa kullum ba, ɓarin jikinsa na iya shanyewa, ko zuciyar ta tsaya."

Sarpong ya gyara murya ya juya. "Nana, 'yarka ta duba, ta ga jini mai ƙarfi da jiki mai albarka. Tana roƙon a riƙa fita da Nana rabin awa kowace safiya ya sha iska, kuma a rage abinci a fada."

"Mun ji," in ji Nana.

Oforiwaa ta buɗe baki, Sarpong ya buga sandarsa a ƙasa, zama ya tashi.

Ni dai na tsaya kaina na juyawa. Na ji maganar farko, na ji ta biyu. Nana ma ya ji, don tsakaninsa da matar bai fi taku uku ba, kuma ba kurma ba ne. To wacce aka faɗa? A fada, abin da kakaki ya faɗa shi aka faɗa, haka na taso na tarar. Amma kunnena fa? Na bi Sarpong har ƙofa na ce, "Opanin, ni kamar da ƙafarsa na ji ta ce."

"Na ji ta sarai. Wa ke yi wa Nana magana?"

"Kai."

"Wa ke riƙe masa laima? Shi da kansa?"

"A'a."

"Wa ke yi masa tafiya?"

Na ce, "Mu."

"To me ya rage? Gobe ku zo da gammonku."

Na tafi gida ina juya maganar. Ban ga inda ta karkace ba, kuma ban ga inda ta miƙe ba.

Kashegari muka fara. Da hantsi mu ɗauko shi daga fada, mu bi ta gefen filin makaranta, mu kama hanyar gonakin koko, mu juyo. Kwandon da da sau biyu ko uku muke ɗauka a shekara, yanzu kullum ne ban da Lahadi. Mai laima na gefe, Sarpong na biye da agogo a hannu don kada a tauye wa Nana magani ko da minti ɗaya. Mu muna haki, shi yana sama yana shan iska, kuma iskar nan ba abin da take ƙara masa sai yunwa.

Abinci ma an rage, ban ce ba a rage ba. Mai dafa wa Nana ta rage kwanonsa kamar yadda aka umarta. Sai dai ranar aiki, abin da Nana ya rage a kwano shi ne abincinmu mu huɗu. Nana ya ci ya ƙoshi kamar kullum, abin da ya sauko mana ne ya ragu. Wata rana Boakye ya leƙa kwanon ya ce, "Antwi, wai mu ma jininmu ya hau ne?" Na ce ya ci ya yi shiru, ni ma ban sani ba.

Bayan mako shida Oforiwaa ta dawo da sikelinta. Nana ya hau. Ta duba, ta goge gilashin da gefen rigarta, ta sake dubawa. Ɗari da talatin.

"Opanin, ana tafiyar kuwa?"

"Kullum, 'yata. Rabin awa cif."

Sai idonta ya faɗa kaina. Ta san ni, don na sha zuwa wurinta karɓar maganin shafawa. "Baba Antwi, zo ka hau." Na hau. Kilo bakwai sun tafi, tumbin da na fara ajiyewa babu shi. Ta auna jinina ta ce rabon da ta ga na mai shekaruna ya yi kyau haka har ta manta. Sannan ta kalli gammon da ke hannuna, ta kalli kwandon da aka jingine a zaure, ta dafe kai.

"Ɗaukar sa kuke yi?"

Ta zagayo bayana ta danna ƙashin wuyana, na ji abin har tafin ƙafa amma na daure. Ta ce yatsuna na mutuwa? Na ce a'a. Ƙarya na yi, biyu na hannun dama sun fi wata ba na jin su sosai. Ta daɗe tana kallona, Nana ma yana kallo. Ta sake maimaita maganarta ta farko, wannan karon da zafi, Sarpong ya sake wanke ta tas ya ce 'yar Nana ta ga alamar magani ya fara aiki a fada.

Kuma ya yarda da abin da ya faɗa, shi ne abin da ya fi ruɗa ni. A waje ya dafa ni ya ce, "Ka gani? Fada jiki ɗaya ce. Ya fara daga kanka, zai hau sama."

A gida matata Konadu ta tasa ni a gaba. Wai mata a bakin famfo suna tambayar ta ko ciwo nake ɓoyewa, ko ita ce ta daina girki. Ta ƙara manja a miya, ta ƙara mini fufu. Nas ta ce ban taɓa lafiya kamar yanzu ba, matata ta ce na lalace, kakaki ya ce ni ne shaidar Nana na samun sauƙi, wuyana kuwa na cewa ƙarya suke yi dukkansu. Ban san wa zan bi ba. Abin da na sani, biki ya rage wata huɗu kuma kayan sun ƙara nauyi.

Wata Alhamis aka kwana ana ruwa. Muka fita kamar kullum. A hanyar koko akwai wani ɗan tudu, ƙasar ta yi santsi. Muna tsakiyarsa hannuna na dama ya mutu gaba ɗaya, na daina jin sandar kwandon. Tsoro ya kama ni, bayan tsoron kuma haushi.

Na ce, "Ku sauke."

"A nan?" in ji Boakye.

"Na ce ku sauke."

Muka dire kwandon a kan wani kututture. Ban san lokacin da na juya na fuskance shi ba, ido cikin ido, abin da rabona da yi tun kafin naɗinsa.

"Fosu, sauka ka taka da ƙafarka. Kana kashe kanka, kana kashe ni."

Mai laima ya ja da baya. Boakye ya sunkuyar da kai yana kallon laka. Sarpong ya matso da sandarsa, ya gyara murya ya ce, "Nana, bawanka yana cewa..." Ya tsaya. Ya sake gyara murya. Shekara talatin yana wanke magana, ranar ya rasa ta inda zai kama wannan.

"Na ji shi," in ji Nana.

Ya miƙo hannu. Mu uku muka ciccibo shi ya tsaya a kan takalmansa. Ya tattare zanensa na kente a kafaɗa ya fara hawa tudun, ni ina gefensa. Akwai wata bishiyar goro a sama, ba ta fi taku tamanin ba. Kafin mu kai ya jiƙe sharkaf, numfashinsa na fita da ƙara. Ya zube a kan saiwar bishiyar. Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar abin da na yi.

Da numfashin ya dawo ya ce, "Na ji matar nan tun ranar farko. Kullum ina jira wani ya maimaita mini."

"To me ya hana ka sauka da kanka?"

"In na sauka da kaina na ƙaryata Sarpong a gaban fada, dattijon da ya yi wa sarki biyu aiki." Ya kalli ƙafafunsa, sun kumbura har igiyar takalmin ta nutse. "Kuma tsoro nake ji, Antwi. Ban san ko za su kai ni ba."

Daga ranar abin ya canja, ko da yake in ka tambaye ni ta ina ya yi sauƙi ba zan iya faɗa ba. Sarki ba zai yi gumi a cikin gari ba, saboda haka mu ɗauko shi har gonar koko, ya sauka ya yi tafiyarsa ina gefensa, sannan mu sake ɗauko shi mu mayar. Wato ɗaukar tana nan, an ƙara mini tafiya a kai. Sarpong kuwa kullum ya sanar a fada cewa an fita da Nana ya sha iska, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Da farko bishiyar goro ce iyakarsa. Bayan mako biyu ya wuce ta, bayan wata ya kai rafi. Ya ce wa mai dafa abinci ta fara zuba mana namu kafin ya taɓa kwano, shi ya ɗauki fufu dunƙule ɗaya daidai hannunsa. Da yamma dafaffen agade da ganyen gwaza da kifi, manja cokali guda. A jana'iza ya taɓa kwano don kada a ji haushi, ya tura mana sauran, ya sha ruwa. Kwanonin mata ma haka. Nan da nan kilo biyar suka dawo mini, Konadu ta yi ta murna, Oforiwaa ta yi ta faɗa wai ina zubar da abin da na samu. Na ce mata, "'Yata, ku zauna ke da matata ku shirya, duk abin da kuka yanke ku gaya mini."

Wata uku da rabi, Nana ya sauke kilo tara. Jinin ya sauko, bai kai inda take so ba amma ya sauko. Ya daina barci a shari'a. Wuyana bai ji bambanci sosai ba, gaskiya, amma zuciyata ta ji. Na fara cewa a raina bana zan wuce gaban cocin nan ƙafata ba ta ko girgiza ba, kowa ya gani, a manta da bara.

Saura mako biyu biki dattawa suka zauna. Sarpong ya tashi ya faɗi abin da ya faru a tudu, don dolensa ne, kuma ban riƙe shi a zuciya ba. Na kira sarki da sunan da aka rufe, na ba shi umarni a gaban mutane. Dattawa suka tattauna suka ce in kawo tunkiya a yanka, a wanke bakina, magana ta mutu. Har na fara godiya. Sai Nana ya yi magana ƙasa-ƙasa, Sarpong ya sunkuya ya saurara, ya ɗago yana kallon bango.

"Nana ya ce tunkiya ta karɓu. Nana ya ce daga yau Antwi ya ajiye gammo. Adusei, ɗan 'yar'uwar Antwi, shi zai tsaya gaba ta dama."

Bai wanke ko kalma ɗaya ba. Dattawan ma kallon juna suka yi. Na nemi idon Nana, yana gyara zoben hannunsa. Na ajiye gammon a gaban kujerarsa na fita.

Kashegari da hantsi sai ga aike, wai ana jira na a hanyar koko. Na ce ba inda za ni. Konadu ta ajiye mini takalma a gabana. Na je. Na tarar Adusei, ƙato ɗan shekara talatin, ya sauke kwando ko haki ba ya yi. Nana ya sauko muka kama hanya mu biyu. Na bari sai da muka yi nisa.

"Hukunci ne, ko don wuyana ne?"

Yana haki ya ce, "Antwi, ko in hau tudun nan ko in yi magana, ba na iya duka biyu."

Muka kai sama bai amsa ba, muka kai rafi bai amsa ba. Na je wurin Oforiwaa na ce ko ta gaya masa wani abu a kaina, ta ce ita ba ta yawo da maganar marasa lafiya, in zo Litinin ta rubuta mini takardar hoton ƙashi a Kumasi. Sarpong ya ce hukunci ne mana, yana faɗa yana duban wani wuri. Konadu ta ce ko ma mene ne ita ta gode wa Allah. Har yau ban san ko korata aka yi ko cetona ba, kuma kullum da safe ina gefensa muna tafiya, wani lokaci in ji kamar in ture shi cikin rafin.

Ranar biki na ce ba zan fita ba. Da ganguna suka taso daga fada sai na tsinci kaina a bakin titi gaban coci, cikin matan kasuwa, kaina fayau ba komai a kai, ban san inda zan sa hannuwana ba. Laimomi suka fara ɓullowa, sannan masu bindiga, sannan kwandon. Na kafa wa ƙafar Adusei ido, don a nan ne gangaren yake. Ya taka daidai. Sai na ɗaga kai.

Shekara ashirin da shida ina ƙarƙashin kwandon nan. Na san ƙasansa, na san kowace igiya da ke jikinsa, na san ƙurar titi da dugadugan mutane. Ban taɓa ganin abin da ke sama ba. Ashe rawa yake yi. Ashe duk juyin nan da ke karya mini wuya rawa ce. Ya ɗaga takobi a dama, ya karkata kafaɗa, ya shimfiɗa hannu kan jama'a ya dawo da shi ƙirjinsa, zinariya na walƙiya, mata na kaɗa masa zannuwa suna kiran sunayen kakanninsa. Kuma ya iya. Yadda yake jefa kafaɗar nan, haka yake yi muna samari in an gama loda koko, sai dai yau duk gari ne ke amsa masa.

Da suka zo daidai inda nake ya juyo, ya nuna ni da takobin, ya daɗe bai sauke ba. Nauyinsa duka ya koma gaba ta dama, na ji shi a wuyana ina tsaye a ƙasa. Adusei ko gezau bai yi ba.

Wata mai sayar da kifi kusa da ni ta ce, "Baba Antwi, kuka kake yi? Murna ce ko haushi?"

Na ce mata ban sani ba, ta matsa tana kare mini.